Saƙon Da Bai Tafi Ba, Shekara Shida Bayan Shamsu

Shekara shida ke nan da aka fita da ƙanena Shamsu a makara daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ina leƙe ta tagar ɗakin Inna har suka sha kwana. Duk shekara idan ranar ta zagayo, abin da nake yi bai wuce in soya ƙosai in raba sadaka, in yi masa addu'a, in tafi aiki ba. Bana na ce sai na yi rubutu, kuma gara in faɗa tun farko cewa ba kewa ce kaɗai ta zaunar da ni ba. Raina a ɓace yake. Wata biyu da suka wuce saura ƙiris wata yarinya ta mutu a hannuna, saboda an ɓata aikin da Shamsu ya ƙarar da ɗan ƙarfinsa a kai, kuma waɗanda suka ɓata shi har yau ba su yarda sun yi komai ba.

Sunana Rabi, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Darmanawa. Shamsu shi ne autanmu, kuma da sikila aka haife shi. Idan ciwon ya tashi ni ce mai zaman jinya, Baba kuma ya shiga gari neman wanda jininsa ya zo ɗaya da nasa, wani lokaci tun safe har la'asar. Yaron da ya tashi yana kallon ƙofa yana jiran ledar jini, ba sai an gaya masa abin da zai yi ba ranar da ya iya rubuta manhajar waya. Shi da abokansa biyu suka kama ɗaki a saman wani bene a Tarauni, suka haɗa manhajar da ma'aikacin asibiti zai danna ya ce ana neman jini iri kaza a wuri kaza, saƙon ya faɗa wayoyin masu ba da jini da ke kusa. Ba ta da wani ado. Wurin dannawa uku ne kacal a cikinta.

Rubuta ta bai ɗauke shi wata uku ba. Abin da ya ci masa shekara biyu shi ne sabis. Ya sha gaya mini, "Yaya, waya maƙaryaciya ce. Za ki ga sabis ya cika taf a sama, amma ko harafi ɗaya ba ya fita." Abokansa sun fi son su gwada manhajar a ofis, kusa da akwatin waifai, fanka na kaɗa su. Shi kuwa sai ya tashi ya zare wayar akwatin daga bango, ya ce musu, "Wace mace ce ta taɓa haihuwa a ofishin nan?"

Duk Talata da Alhamis da safe akwai mai adaidaita sahu da ke zuwa ɗaukarsa, Malam Iro, mutumin Sumaila, wanda bai daɗe da shigowa birni ba a lokacin. Shamsu zai zauna a baya da tsofaffin wayoyi uku a cinya, ɗaya fuskarta duk ta tsage, da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Su bi titin gidan Zoo, su faɗa Unguwa Uku, su ɓullo Darmanawa, yana aika saƙon gwaji yana rubuta inda ya tafi da inda ya maƙale. In suka zo asibiti ɗaki-ɗaki yake bi, har lungun banɗaki. Ma'aikatanmu suka sa masa suna Maharbin Sabis. Ni kam faɗa nake yi masa, don mai sikila da yawon rana ba sa shiri, sai ya yi dariya ya ɗaga mini gorar ruwansa.

A asibitinmu ne ya gano abin da ya fi ba shi wahala. Saƙonni suna ɓacewa daga ɗakin haihuwa, an rasa dalili. Kwana uku yana zuwa yana zama a kan benci kamar mai jiran awo. Ashe akwatin waifai ɗinmu yana da batir, amma na'urar da ke kawo masa intanet ba ta da shi. Idan aka ɗauke wuta akwatin yana nan a kunne, fanko, babu komai a bayansa, wayoyinmu kuma su manne masa su ƙi komawa kan data. Ko sun koma ma, ɗakin haihuwa a can ƙurya yake, bangonsa mai kauri, sabis ɗin layi ba ya shiga sosai. Wuri ɗaya ne a duk harabar da saƙo bai taɓa maƙalewa ba, gindin darbejiyar da ke bakin get.

Da ya koma sai ya hana manhajar yarda da abin da waya ta gaya mata. Kafin ta ce komai sai ta taɓa babbar kwamfutar kamfanin ta ji an amsa. In ba a amsa ba, sai fuskar ta koma ruwan ɗorawa da rubutu ɓaro-ɓaro: “Bai tafi ba tukuna.” Ta yi ta sake gwadawa da kanta, in minti biyu ya wuce ta tura saƙon ta tes, irin wanda ko ƙaramar waya tana karɓa. Kore ba ya fitowa sai saƙo ya isa da gaske. Wallahi na tsani ruwan ɗorawar nan. Na ce masa hawan jini yake sa mini, mace na zubar da jini a gabana waya kuma tana yi mini gardama. Ya ce, "Yaya, na fi so ki ji haushina ki tashi ki nemi mafita, da ki zauna kina jiran wanda ba zai zo ba."

Ciwon da ya tafi da shi kwana huɗu ya yi. Da aka nemi jini, manhajarsa muka danna, mutum bakwai suka zo, har da wanda ya rufe shagonsa ya taho da almakashi a aljihu. Jini bai yanke masa ba. Kwana ne ya ƙare. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan rasuwarsa kamfanin ya bunƙasa, abokan nasa suka miƙa shi ga wasu suka kama gabansu. Bara aka sabunta manhajar. Ta yi kyau, ba ƙarya, har da hoton zuciya mai bugawa. Kana dannawa kore zai fito nan take, ya ce an aika. Kuma bari in tona wa kaina asiri kafin in tona na wani: na ji daɗi. Na ce a raina yaran nan sun fi Shamsu iya aiki, ga shi sun kawar da ruwan ɗorawar da ke tayar mini da hankali. Ni, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya zauna ya yi wa bayani da bakinsa.

To, wata Talata da hantsi aka kawo Zulai, 'yar Malam Iro ta fari, haihuwarta ta farko. Ta haifi 'ya mace lafiya, sai jini ya ɓalle. Muka yi duk abin da ake yi, likita ya shigo, jini ya ƙi tsayawa. Jininta irin mai wuyar samu ne, leda ɗaya ce da mu a firij, kuma ba ta cikin halin da za a ɗauke ta zuwa babban asibiti sai an ƙara mata. Na cike bayanan na danna, kore ya fito. Na leƙa ta taga na ce wa mahaifinta, "Malam Iro, kwantar da hankalinka, an aika." Na koma kanta. Minti goma, minti ashirin, babu wanda ya kira. Na ce ko cunkoso ne a hanya. Leɓen yarinya ya yi fari fat, tana kiran sunan uwarta a hankali, ni kuma ina duba waya ina ganin kore.

Sai da aka doshi minti arba'in Malam Iro ya buga taga. Ya ce, "Sista, tun ɗazu fa aka ɗauke wuta. An fita gindin darbejiya kuwa?" Hannuna duk jini, na sa aka miƙa masa wayar ta taga. Mutumin nan ba ya karatun boko, amma ya shekara biyu yana kallon Shamsu ta madubin adaidaita. Ya ja fuskar wayar ƙasa, ya kashe alamar waifai, ya ruga bakin get, ya ɗaga wayar sama ya sake danna wurin aikawa. Bai dawo taga ba wayar ta fara ruri. Shi da kansa ya je Unguwa Uku ya kwaso mutum biyu. Zulai ta rayu, amma sai da aka cire mata mahaifa. Shekararta ashirin da biyu.

Likita ya ce mai yiwuwa ko da jinin ya zo da wuri sai an cire, kuma Allah shi ne masani. Na yarda da ƙaddara, ba yau na fara ganinta a ɗakin haihuwa ba. Amma ƙaddara ba ita ta rubuta wa waya ta ce an aika alhali ba a aika ba. Mutum ne ya zauna a kujera ya rubuta.

Na je na sami sababbin masu kamfanin a sabon ofishinsu. Wani saurayi mai farin gilashi ya tare ni da fara'a yana ce mini Momi. Ya juyo mini da wani makeken allo, ya danna, kore ya fito, ya ce, "Kin gani, Momi, a nan lafiya lau take tafiya. Matsalar daga netwok ɗinku ne." Na tambaye shi ina ruwan ɗorawa. Ya ce sun cire, wai yana tayar wa mutane hankali, an fi son a ga kore. Ina tes? Wai tsohon yayi ne. Na ce masa, ɗana, ka taɓa zuwa Darmanawa? Ya ce ya taɓa wucewa. Ya taɓa wucewa! Daga ƙofar ofishin nan zuwa ɗakin da Zulai ta kusa mutuwa, adaidaita ba ya cin kwatan awa.

Haba jama'a, yau aka fara ɗauke wuta a Kano? Yau sabis ya fara wasa da hankalin mutane? Duk mai sayar da kati a Gyaɗi-Gyaɗi ya san lungun da kira ke yankewa. Ku da kuke haɗa mana manhaja, wannan shi ne garin da za a yi amfani da ita, ba ku da wani. In kun gwada ta a inda komai ke aiki, to ba ku gwada komai ba. Kuma ku daina cewa laifin netwok ne kamar kun gama magana. Ba mu ce ku gyara netwok ba, ba aikinku ba ne. Cewa muka yi idan ya yanke, abin da kuka sa mana a hannu ya faɗa mana gaskiya.

Nakan tambayi kaina me Shamsu zai ce da ya ga wannan zamani, da wayoyi suka fi na lokacinsa sauri nesa ba kusa ba. Na san ba zai ɗaga murya kamar yadda na ɗaga a ofishin nan har maigadi ya leƙo ba, shi ba mai faɗa ba ne, ni ce mai faɗan gidanmu. Zai saurari saurayin har ya gama, ya yaba masa hoton zuciyar, sannan ya tashi ya zare wayar akwatin waifai daga bango ya ce, to sake dannawa mu gani. Daga nan ya kira Malam Iro.

Malam Iro ɗin ma ya ce in gaya musu, duk Talatar da suka shirya zai zo ya ɗauke su, ya bi da su duk hanyar da yake bi da Shamsu, har yanzu bai manta ko lungu ɗaya ba. Na kai musu saƙon. Sati shida ke nan, ba su kira ba.

Don in kai musu hujja ne na buɗe akwatin Shamsu, wanda ban taɓa ba tun ranar sadakar bakwai. Littattafan suna nan, guda biyar, an ɗaure su da kyauro. Sunan manhajar an canja, launinta an canja, ko sunansa babu a jikinta yanzu. Abin da ya rage na aikinsa shi ne waɗannan littattafan, da bishiya ɗaya a bakin get, da direban adaidaita da ya riƙe darasin da ni na saki. Ina buɗe na uku na faɗa kan shafin asibitinmu. Ya zana ɗakunan da biro, ya sa alamar kuros a ɗakin haihuwa, a ƙasa kuma ya rubuta da ƙananan haruffan nan nasa:

“Nan babu sabis in an ɗauke wuta. Yaya ba za ta taɓa barin mace tana zubar da jini ta fita duba waya ba, na san halinta. Dole wayar ce za ta gaya mata.”

Na daɗe zaune a bakin gadonsa da littafin a cinyata. Washegari na sa aka yi hoton shafin, na manna shi a bangon ɗakin haihuwa, daidai inda nake tsayawa. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo mana, kafin in nuna mata inda safar hannu take, sai na kama hannunta na kai ta gindin darbejiya.

Jiya Zulai ta kawo jaririyar rigakafi. Ta tsaya tana kallon takardar a bango, ta ce, "Anti Rabi, rubutun wane ne wannan?" Na ce na wani ne da ya san za ki zo. Allah ya kai haske kabarinka, Shamsu. Ka yi naka, mu ne muka yi sake.