Ranar da Anti Dakata Ta Ce a Saya Yau

Ƙarfe takwas saura kwata na kowace safiya, sai ka ji ƙarar ƙofar shago na huɗu a hawa na biyu na benen masu kayan lantarki. Ba sai ka leƙa ba, Anti Dakata ce ta iso. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta goge akwatin gilashin da ta jera laftof a ciki, ta kunna tsohuwar fankar nan da ta girmi wasu masu shagunan benen, sannan ta ɗauki fensirin da ke rataye da zare a bango ta tsaya gaban kalandarta. Minti goma takan yi a tsaye, waya a hannun hagu tana duba labaran kamfanoni, fensir a dama. Ko ciniki ne ya zo, sai ya jira ta gama.

Shekara ashirin da uku ke nan ana haka. Ƙarshen watan nan za ta miƙa wa mai benen makullinsa, don ido ya fara gajiya da ƙananan sukurori, hannu ma ya soma rawa in ta riƙe sukundireba. Shi ya sa mu da muka daɗe tare da ita muka ga bai dace ta sauka daga benen nan shiru ba.

Kalandar ce ta jawo mata sunan. Kowace laftof tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan abu da bai kai akwatin ashana girma ba, ana ce masa furosesa. Shi ke yin tunanin, sauran kayan duk 'yan rakiya ne. Kamfanonin da ke ƙera shi kuwa ba su san hutu ba, kafin ka gama murnar wanda ka saya sun sanar da ƙanensa. Anti ta daɗe da lura cewa in sabo ya shigo kasuwa kuɗin na baya yakan sauko, shi kuma sabon yakan zo da tsada, wani lokaci har da 'yan tangarɗar farko. Sai ta riƙa zana da'ira a kan makon da ake sa ran fitowar sabo. In kamfani ne ya faɗa da bakinsa, ta danna fensir da ƙarfi. In jita-jita ce, ta zana sama-sama yadda zai gogu da wuri. Biro kam bai taɓa hawa kalandar nan ba. Takan ce alkawarin kamfani da fensir ake rubuta shi.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba, ƙuna ce ta koya mata. Da can mai buga takardu ce a wani ofis. Ta yi shekara biyu tana matse bakin aljihu har ta sayi laftof ɗinta ta farko, kwana goma bayan nan sabon samfuri ya fito, kuɗin irin tata ya faɗi ƙasa warwas. Mai shagon da ya sayar mata ya sani sarai, bai gaya mata ba. Ba ta koma ta yi masa tijara ba. Ta yi kukanta a gida ta share hawaye, washegari ta sayi kalanda.

Tun da ta buɗe nata shagon, tambaya biyu take yi wa duk wanda ya shigo: me za ka yi da ita, kuma yaushe aikin zai fara? In ta ga mutum yana da sarari, da'ira kuma ta matso, sai ta rufe akwatin gilashin ta ce, "Dakata." Mai shagon waya da ke jikin nata ya sha riƙe baki.

"Yaya, ke kaɗai na sani da ke korar kuɗi da tsintsiya," yakan ce mata.

"Wanda na kora yau, jibi da ƙanensa zai dawo," ita kuma takan amsa, ba tare da ta ɗago daga abin da take kwancewa ba.

Kuma haka ake yi. Akwai wata nas da ta zo sayen laftof don 'yarta mai shirin fara karatun injiniya. Anti ta ji cewa sai bayan wata biyu za a buɗe makaranta, ta ce ta koma gida da kuɗinta. Matar ta fita tana ƙunƙuni, a zatonta an raina abin da ta zo da shi ne. Bayan mako biyar ta dawo, da kuɗin nan dai ta ɗauki wadda ta fi ta farkon ƙarfi nesa ba kusa ba. Yau duk ma'aikatan sashensu a shago na huɗu suke sayayya. Akwai kuma mai ɗaukar hoto da ya rantse sai ya zama na farkon riƙe sabon samfuri. Anti ta ce masa, "Ɗan'uwa, bari wasu su fara taɓa ruwan, in bai ƙona su ba sai ka shiga." Ya ƙi ji, ya saya a wani wuri, ya yi wata uku yana zarya. Da ya dawo yana sosa ƙeya ba ta ce masa ai na gaya maka ba, kujera ta ba shi.

Ke ce, Anti, mai shagon da ba ta jin kunyar cewa kayanta za su yi araha gobe. Ke ce kika mayar da abin da aka cuce ki da shi garkuwar wasu. Mun ga masu sayarwa da yawa a benen nan, wasu bakinsu ya fi zuma, amma ba mu ga wanda ake fita daga shagonsa hannu rabbana kuma ana godiya ba sai ke.

Sai dai duk wanda ya ɗauka "dakata" ce kaɗai kalmar da ke bakinta bai san labarin malamin lissafi ba, kuma labarin nan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Malamin nan yana koyarwa a wata sakandare da ke bayan benen. Ya fara zuwa shekara uku da suka wuce, Anti ta ce ya dakata, ya dakata. To, ashe maganin ya yi masa yawa. Ya shiga karance-karancen furosesa har ya fi ta sanin sunayensu da lambobinsu. Da'ira ta zo ta wuce, farashi ya sauko, Anti ta ce to bismilla, sai ya ce ai ya ji wanda zai fito nan gaba ya fi tsimin batir. Wancan ya fito, ya ce na bayansa ne mai saurin haɗa bidiyo. Duk ranar Alhamis in an tashi makaranta sai ya hau benen, ya gyara tabarau, ya tsaya gaban kalandar kamar shi ya rataye ta. 'Yan benen suka sa masa suna Mataimakin Dakata. Anti takan yi dariya tare da su, don a ganinta mutum ne mai son hira, kuma jiransa bai cutar da kowa ba. Tambayarta ta biyu, wato yaushe aikin zai fara, ta yi masa ita sau ɗaya tun farko, ya ce babu gaggawa, ba ta ƙara ba. Wannan sakacin har yau takan ce nata ne.

Ran nan da hantsi wata mata ta shigo, ta gaida ta, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen jakarta. Ta ce ita ce matar malamin lissafi.

"Anti, ba sayayya na zo ba, roƙo na zo. Ki daina ce wa maigidana ya dakata."

"Ƙanwata, ai ni na fi shekara biyu ban ce masa ba. Shi ke ce wa kansa. Me ya faru?"

Sai matar ta kwance mata zancen. Mahaifin malam tsohon kafinta ne, irin waɗanda ke haɗa katako da katako ba ƙusa ba gam, kujera ta yi shekara arba'in ba ta yi ƙara ba. Babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya gaji sana'ar. Malam ya yi masa alkawarin zai ɗauke shi a bidiyo yana nuna kowane haɗi, yana bayani, a adana wa jikoki. Wayar malam tsohuwa ce, minti goma ta cika, ba inda zai juye. Don haka yake son laftof, kuma yana son wadda ta fi kowace, wai aikin Baba bai cancanci ƙaramin abu ba.

"Shi Baba kullum sai ya sa an fito masa da zarto da guntayen katako, ya zauna yana jira," in ji matar. "Amma Anti, ya fara mantuwa. Jiya ya riƙe guduma ya kasa tuna sunanta. Shi kuwa maigidan ya ce saura mako biyar sabon furosesa ya fito."

Anti ta waiwaya ta dubi kalandar. Gaskiya ne, ga da'irar nan, da ƙarfi ma ta zana ta. Ranta ya ɓaci, kuma da kanta take fushi.

Ranar Alhamis malam ya hau benen kamar yadda ya saba. Kafin ya ƙarasa gaban kalandar, Anti ta miƙe ta cire ta daga ƙusa, ta kifa ta a kan tebur. Ta ɗauko wani kwali da ta riga ta ware, ta ajiye a gabansa.

"Malam, yau za ka saya."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. "Haba Anti, ke da bakinki? Saura mako biyar fa. In na saya yau na yi asara, kin fi kowa sani."

"Za ka yi asara, ban ɓoye maka ba. Nan da mako biyar wannan za ta sauko, sabuwar kuma za ta fi ta sauri. Amma gaya mini, kai da ka iya lissafi, kalma nawa Baba zai manta a mako biyar?"

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Furosesa kowace shekara ana haifar sabo," ta ce, muryarta ta sauko. "Baba kuwa guda ne, kuma babu kamfanin da ya sanar da wani. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, Malam. Wannan ɗin za ta ɗauki bidiyonka ta haɗa shi ba gardama, na gwada ta da hannuna. Ɗauki ka tafi gida."

Mai shagon waya, wanda ya leƙo a lokacin, ya rantse mana cewa malamin ya sauka benen rungume da kwalin nan yana share ido, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Kwana ashirin da shida suka samu. Kullum bayan makaranta malam zai jingina waya a kan benci, tsoho ya ɗauki katako yana sassaƙa yana bayani, wani lokaci ya ɓata hanya ya shiga labarin ƙuruciyarsa, a bar shi ya yi. In wayar ta cika a juye a laftof, a ci gaba. Sun ɗauki haɗi goma sha huɗu. A rana ta ashirin da bakwai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, ya tafi da maganarsa. Yana nan da ransa, ana kula da shi, amma bakin ya rufe. Mako guda da 'yan kwanaki bayan haka sabon furosesa ya fito a daidai makon da Anti ta zana, irin laftof ɗin malam kuma ta sauko kamar yadda ta faɗa. Bai ko zo ya tambayi nawa ta koma ba.

Makon jiya, da labarin ritayarta ya bazu, malam ya hau benen tare da matarsa. Ya buɗe laftof ɗin a kan akwatin gilashi, 'yan benen suka taru. Ga tsoho a fuskar na'urar, hannuwansa na tura katako cikin katako har ya zauna daram. Matar ta ce da wannan ake lallashinsa yanzu, in an kunna masa yakan bi hannun nasa da ido yana gyaɗa kai, jikoki kuma har sun fara gwadawa da guntayen da ya bari. Can wajen ƙarshen bidiyon tsohon ya ɗago ya dubi ɗansa, ya ce, "Af, wace ce ma ka ce ta kore ka daga shagonta da kwali? Ka gaishe min da ita. Ka ce kafinta ya gode."

Anti Dakata, wadda ba mu taɓa ganin hawayenta ba a shekara ashirin da uku, ta juya ta fuskanci bango, wai fankar take gyarawa.

Ke ce kika san lokacin jira, kuma ke ce kika san ranar da jira ya zama asara. Na farkon kalanda kan koyar da shi, na biyun kuwa sai mai kallon mutum kafin ta kalli aljihunsa. Mun gode, Anti. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon nan lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki cikin 'ya'ya da jikoki.

Ku kuma da kuka rage a benen, da duk mai sayar da wani abu a ko'ina yake, mun ji har an fara rububin wanda zai gaji kalandar. Ku gada, ba laifi, fensirin ma yana nan rataye. Amma ku haɗa da tambayar nan ta biyu, kuma kada ku yi ta sau ɗaya ku bari. Ku kuma masu saye, in babu abin da ke jiranku a gida, ku dakata, araha na tafe. In kuwa akwai wani tsoho da ya fito da zartonsa yana zaune yana duban ƙofa, to, Anti ta ce ku saya yau.