Kujerar Bayan Keken Ukasha

Wata rana, a tsakiyar marka, na kai motata garejin wani mai gyaran wuta a Jos.

Wanda ya san Jos a watan Agusta ya san irin ranar. Yayyafi ya ƙi tsayawa, ya kuma ƙi zama ruwa. Sanyi yana shiga ƙashi ba sallama.

Ina zaune a benci ina jiran a zo kaina, sai wani mai keke, irin mai ƙafa ukun nan na haya, ya shigo. Siriri ne, zai haura arba'in, hularsa ta jiƙe sharkaf.

Mai garejin, Oga Dalyop, yana hango shi ya ɗora hannu a ka.

"Ukasha! Kai ne kuma? Ko dai in ware maka ɗaki a garejin nan?"

"Oga, ba ya ɗumi."

"Yana ɗumi."

"Ba ya ɗumi."

Na matsa in ga abin da ake wa gardama.

A jikin ƙarfen da fasinjan baya ke riƙewa an saka wasu mariƙai biyu na baƙar roba, irin na baburan ƙasashen sanyi. Akwai siririyar waya a cikinsu. In an danna makunni, batir ya ba su wuta, su ɗumama hannu. Ukasha ya tsinto su ne a wajen masu sayar da kayan babur na gwanjo.

Na ce, "Malam, fasinjojinka 'yan gata ne."

Ya ce, "Fasinja ɗaya ce."

Mahaifiyarsa ce.

Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, hagu. Likita ya sa mata gashin ƙashi, da sassafe ake yi. Ukasha ne ke kai ta. Hanyar unguwarsu duk dutse ce da kwana, kuma hannu ɗaya gare ta mai riƙo. In sanyin ƙarfe ya kama wannan hannun, yatsun su sandare. Ran nan a wata kwana ta zame, saura ƙiris ta faɗo.

Shi ya sa ya saka mariƙan.

Amma a makon nan tsohuwa ta kira maiɗakinsa, ta ce, "Ki ce da mutumin naki ya huta. Na bar zuwa gashin nan."

Ga shi ƙafarta ta hagu ta fara motsi ke nan. In aka bari, ta koma gidan jiya. Kuma washegari da safe ne ranar gashi.

Oga Dalyop ya sauke numfashi ya ɗauko mitarsa ta auna wuta. Ba don ya yarda ba, sai don ya san mutumin ba zai tafi ba.

Ya duba fiyus. Lafiya.

Ya auna batir. Lafiya.

Makunnin ma sabo ne, shi da kansa ya canja shi a zuwan baya. Ya kankare inda aka ɗaure wayar a jikin ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya sake ɗaurewa. Ya tada inji, ya danna makunni, 'yar fitilar ta kawo ja.

Muka tsaya a gefen keken, muka miƙa hannu ciki.

Ɗumi, kamar kofin shayi.

"Alhaji, kai baƙo ne, ba ruwanka," in ji Oga. "Me ka ji?"

Na ce, "Ɗumi."

Ya juya wajen Ukasha. "Mama ce ta ce maka ba ya ɗumi?"

"Ba ta ce ba."

"Me ta ce?"

"Ta aiko maiɗakina da sa albarka."

Oga ya tafa hannu. "To! Mita ta ce lafiya. Hannuna ya ce lafiya. Baƙo ya ce lafiya. Mama ta sa albarka. Kai kaɗai ne a garin nan ka ce ba lafiya. Ko kai za mu auna?"

Ukasha bai yi dariya ba.

Ya ce, "Oga, ni ɗan fari ne. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko ƙanƙara na ɗora mata a hannu, albarka za ta aiko. Amma shekaranjiya a ƙofar asibiti na ga ma'aikaciyar jinya tana ɓanɓare mata yatsu daga jikin robar nan, ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya ji ɗumi ba ya yin haka."

Oga ya ce, "Na yi iyakar abin da na sani," ya koma kan motata.

Ukasha bai tafi ba.

Ya ari sukuddireba. Ya durƙusa cikin taɓo. Ya kama wayar daga kan batir, can baya kusa da inji, yana bin ta da yatsa. Ya ɗaga kujerar fasinja, ya duba inda wayar ta ratsa ta ƙarƙashi, ya ga mahaɗinta a haɗe, ya mayar da kujerar. Ya bi har zuwa makunni, ya dawo har zuwa mariƙi.

Bai ga komai ba.

Ya sake farowa daga batir.

Na lura da abu guda. Bai yi tsaki ba, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya dai yi kama da mutumin da ya riga ya yanke cewa yau ɗayansu zai gaji, shi ko wayar, kuma ba shi ba ne.

Can yayyafi ya rikiɗe ya zama ruwa sosai. Mu muka ruga ƙarƙashin rumfa. Shi kuwa, da yake yana daga baya, sai ya faɗa cikin keken ya zauna a kujerar fasinja. Inji na aiki. Hannuwansa sun yi sanyi, ya kama mariƙan don ya ɗan ji ɗumi.

Jim kaɗan na ga ya ɗago kai.

"Oga! Ya huce!"

Oga ya taho da ledar buhu a ka. Ukasha ya sauko ya ba shi wuri. Oga ya miƙa hannu daga waje kamar yadda ya saba, ya ɗan jira.

"Ga shi yana ɗumi."

Suka dubi juna. Suka dubi kujerar.

Ukasha ya koma ya zauna. Fitilar makunni na nan ja, amma robar ta soma hucewa a hannunsa. Ya tashi, ɗumi ya dawo.

Oga ya ce, a hankali, "In kana gwadawa a gida, wa ke zama a baya?"

"Ba kowa."

"Tunda ka sayi keken nan, ka taɓa zama a kujerar nan?"

"Oga, ni direba ne. Me zai kai ni baya?"

"Abin da ya kai Mama."

Suka ɗaga kujerar.

Mahaɗin wayar yana kwance tsakanin katakon kujera da ƙarfen keke. In ba kowa a kai, a haɗe yake tsaf. Mutum na zama, katako ya danne shi, bakinsa ya buɗe kamar kaurin farce. Wuta ta yanke. Mutum na tashi, ya koma ya haɗe kamar bai san komai ba.

Wato abin yana yi wa kowa aiki, ban da wadda aka saka shi dominta.

Duk safiyar da Ukasha ya danna makunni ya ga jar fitila ya ji daɗi, tsohuwa tana bayansa riƙe da roba mai sanyi, tana kawaici.

Oga Dalyop ya yanke mahaɗin ya jefar. Ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe da baƙin tef, ya bi da ita ta gefe inda nauyi ba ya kaiwa. Sannan ya hau kujerar da kansa. Mutum ne mai jiki. Ya zauna, ya yi tsalle, ya karkata dama, ya karkata hagu, har keken na ƙara.

"In ya jure ni, zai jure Mama da 'yan rakiyarta," ya ce. "Zo ka taɓa."

Ukasha bai taɓa daga waje ba. Ya shiga ya zauna kusa da shi, ya kama mariƙin da hannu ɗaya, na dama. Ya daɗe a haka kafin ya ce, "Yanzu ya yi."

Motata ta kwana a garejin. Washegari da hantsi na koma ɗaukar ta, sai ga keken ya tsaya a bakin titi.

Oga ya ɗaga murya. "Ɗan fari! Ta je?"

"Ta je. Na sa maiɗakina ta roƙe ta ta gwada na yau kaɗai."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Kai! Duk wahalar nan?"

Karo na farko na ga haƙoran Ukasha.

Ya ce, "Mun isa ƙofar asibiti, na tsaya, ta ƙi sakin mariƙin. Na zaci yatsun ne suka sake sandarewa. Ma'aikaciyar ta miƙo hannu za ta ɓanɓare, tsohuwa ta ce, 'Bar ni 'yar nan, in ɗan ƙara ji.' Da ta gama, ta saki da kanta."

Ya ja kekensa ya tafi.

Darasi:

Alherin da ka yi, kada ka auna shi daga inda kake tsaye. Jar fitila a gabanka ba shaida ba ce cewa na bayanka ya ji ɗumi. Iyayenmu da yawa ba za su taɓa cewa "bai yi ba" ba. Albarka za su sa, su ci gaba da shan sanyi. Dubi hannunsu, kada ka tsaya ga bakinsu. In kuma kowa ya ce maka lafiya alhali idonka ya ga ba lafiya ba, kada ka bar garejin. Koma baya ka zauna inda suke zama.

In kana da wanda ke zaune a bayanka yana kawaici, tura wannan ga 'yan'uwanka su ma su karanta. Amma kafin ka tura, je ka taɓa hannunsa.