Sirdin Yaya Lawali Ya Yi Wa Mijina Tsawo

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar Yaya Lawali, wan maigidana, kuma har yau in na ji ƙarar motonsa, wato babur ɗinsa, ta shigo lungunmu sai gabana ya faɗi. Ba bayan rasuwarsa wannan faɗuwar gaba ta fara ba. Tun ina amarya nake ɗauke da ita, tun babu abin da ya sami kowa. Ranar da na fara ganin Yaya a kan moton nan na ce a raina, wannan abin sai ya yi ajalin wani a gidan nan. Ban faɗa wa kowa ba. Amarya ba ta buɗe baki da irin wannan magana.

Dogo ne, ga jiki, sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu. Aikinsa gyaran famfunan ƙauye. In famfo ya tsaya a Dawce ko Kurni ko Ɗan Barto, shi ake aika wa. Don haka ya sayi jan moto na hannu, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, irin wanda ke bin gudurum mai kwalta ya kuma shiga rairayi. Ga sauran mutane babban moto ne. Ga Yaya kuwa, kamar ka ga ƙato a kan kujera 'yar tsugunno. In zai juya, gwiwarsa ta daki hannun moto. In ya faɗa rami, baya ya nutse har taya ta gogi ƙarƙashin sirdi. Da yamma ya dawo yana dafe da ƙugu. 'Yan kabu-kabu na tasha suna ce masa, "Giwa, sauko ka goya shi mana, ai ya fi muku sauƙi ku duka!"

Shi dariya yake yi, amma bai bar abin haka ba. Ya kira Isufu makanike, suka kwantar da moton a tsakar gida, kwana uku suna fama. Ina gefe ina tsince shinkafa, idona na kansu. Suka ƙara wa sirdi soso mai kauri, baduku ya rufe shi da baƙar fata. Suka sa ƙarafa biyu suka ɗaga hannun moton sama. Suka sauke matakan ƙafa ƙasa kaɗan don gwiwa ta miƙe. Sannan suka zo kan amortisa, ƙarfen nan na baya mai murɗaɗɗiyar waya da ke shanye girgiza. Suka cire wayar, suka sa wata mai kauri da aka kawo daga Damagaram.

A nan ne Yaya ya ce, "Amarya, ajiye shinkafar nan ki zo ki riƙe mini igiya." Na ɗora bakin igiya a kan kusar tayar baya, na ja ta sama zuwa gefen sirdi. Aka yi ƙulli ɗaya babu kowa a kai. Ya hau da jakar kayan aikinsa, aka yi na biyu. Sai ya sauka, Isufu ya ɗaure zoben amortisa, ya sake hawa, na sake aunawa. Sau nawa, ban ƙirga ba. Da tsakanin ƙulli da ƙulli ya zo yatsu huɗu na hannunsa, ya ce a tsaya. "Moto riga ne, Amarya," in ji shi. "Tela ba ya rage mutum don ya shiga riga." Tsohuwar waya da tsoffin kusoshi ya zuba su a buhu, ya rataye a zaure. Isufu ya ce a ba shi. Yaya ya ce a'a, ba shi kaɗai zai hau moton nan ba har abada.

Sau ɗaya na hau bayansa. Damina ce, maigidana bai dawo daga Kano ba, ina ƙauyenmu gaba da Kurni, 'yata Nana ta kama zazzaɓi tana da wata bakwai. Yaya ya zo da hantsi ya ɗauke mu zuwa likita. Hanyar duk ruwa ne da laka. Abin da na riƙe a ranar shi ne ƙafafunsa. Duk inda ya tsaya, tafukan nan biyu suna sauka a ƙasa daram, kamar an kafa turke. Nana ba ta ko farka ba.

Moton bai taɓa kayar da shi ba. Kwana shida ya yi a kwance da ciwo kan tabarmarsa, Allah ya karɓi abinsa. Abin da na yi ta tsoro ya wuce shi ko ƙwarzane babu, har na ce to, ashe tsoron banza nake yi. Ban san jirana yake yi ba.

Da aka yi rabon gado, aka yarda moto da kayan aiki su zauna hannun maigidana, ya ci gaba da gyaran famfo, ya riƙe gidanmu da na marayu. Ya bar zuwa cin rani. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai maigidana uwa ɗaya uba ɗaya suke da Yaya, amma ba jiki ɗaya ba. Gajere ne, siriri, kansa a kafaɗar Yaya yake tsayawa. In ya hau, kan babban yatsansa kawai ke taɓa ƙasa, shi ma sai ya zame gefe guda. Hannuwansa a miƙe sama kamar mai shanya. Akwai tsohon turmi da ya fashe, ya kife shi a ƙofar gida, a kansa yake takawa ya hau. A cikin gari na lura ba ya tsayawa sai inda akwai dutse ko tudu.

Igiyar nan tana wurina, a ƙasan akwati. Wata safiya yana zaune kan moto yana jiran inji ya yi zafi, na yi kamar ina gyara masa ɗaurin jaka, na auna. Ko yatsa ɗaya bai nutse ba. Wayar da aka sa don ta ɗauki Giwa ba ta san an hau ta ba. Shi ya sa bayan moton ke tsalle a kan hanya mai gargada, yana jefa shi sama kamar jakin da ba a horar ba.

Sau uku ya faɗi, waɗanda na sani. Na ukun muna tare, bara, za mu biki Kurni, Nana tsakaninmu. Ba gudu yake yi ba. Amalanke ce ta tare hanya cikin rairayi, ya tsaya, ya miƙa ƙafa, ƙafa ba ta sami ƙasa ba. Muka kife. Na tura Nana gefe, bututun hayaƙi ya kwanta a ƙaurina. Tabon yana nan, faɗinsa kamar tafin hannu. Da muka dawo ya ce in ce garwashi ne.

Na ce garwashi ne, saboda Inna. Mahaifiyarsu kullum da safe, kafin a fitar da moton, takan zo ta ɗora hannu a kan sirdin, daidai inda zaman Yaya ya bar lotsawa, ta yi addu'a. Ba ta da hotonsa mai kyau. Wannan lotsawar ce ta rage mata. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, da an ɗan rage tsawon sirdin nan." Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ku bar mini shi yadda ya bar shi, in na mutu ku yi yadda kuke so." Sai ta juya fuska bango. Wace suruka ce za ta ƙara magana bayan wannan?

Na koma wurin maigida, ya ce me zai ce wa Inna. Amma na san ba Inna kaɗai ba ce. A tasha waɗanda suka yi wa Yaya ba'a yanzu shi suke yi wa. "A kawo maka tsani ne?" Ya rantse sai ya nuna musu ya iya da moton wansa yadda yake. Na bi ta garejin Isufu ranar kasuwa. Ya ce aikin rabin yini ne, tun da tsoffin kayan suna nan, amma ba zai taɓa moton mutum ba sai mai shi ya ce. Tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa duka biyun a ɗakina suke kwana. Ba a sayar da shi, don shi ke ciyar da gida biyu. Ba a gyara shi, don kada a taɓa zuciyar tsohuwa. Kullum sai ya fita.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo ya ga turmin nan a ƙofar gida, me zai ce? Na san ba zai ji daɗi ba wai ana girmama shi. Mutumin da ya ƙi yarda ya takure jikinsa don moto, yaya zai so ƙanensa ya yi ta miƙa ƙafa yana neman ƙasa? Zai yi dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa, ya ce zanen aro ba ya rufe katara, a sauko masa da buhu. Mun riƙe sosonsa da ƙarfensa, mun saki hankalinsa. Famfunan da ya gyara suna ba da ruwa, marayunsa suna tafiya karatu lakwal. Buhun ma yana rataye inda ya bar shi, gizo-gizo ya yi masa saƙa.

Yanzu ina da ciki wata bakwai, kuma damina ta kama. Jibi zai tafi Ɗan Barto da bututu biyu ɗaure a baya. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sa ya huta.

Ba zan kama sunan mijina ba, amma ba zai yi wuyar ganewa ba. In kun ga gajeren mutum a kan dogon jan moto mai baƙin sirdi, yana neman dutse kafin ya tsaya, don Allah kada ku yi masa dariya. Ku ja shi gefe ku ce ya kai moton a auna shi daidai jikinsa. In kuma akwai dattijo ko malamin da Inna ke jin maganarsa, ya zo gidanmu ya roƙe ta. Za mu cire sirdin yadda yake mu ajiye mata a ɗakinta, a yi wa maigida wani. Igiyar tana wurina, ni zan riƙe.