Rungumar Randa a Filin Jirgin Madina

Na daɗe ina aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgin saman Madina kafin bayana ya fara ciwo. Ciwon bai zo shi kaɗai ba, da saurin fushi ya taho. Abu kaɗan sai in hau faɗa, a wurin aiki da gida duka.

A lokacin akwai wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar Sin da ke yi wa alhazan ƙasarsu tafinta. Wata rana bayan sallar asuba na hango shi bayan masallacin ma'aikata yana tsaye, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba kamar ya rungumi randa. Ko motsi ba ya yi. Na ɗauka jiri ne ya kama shi, na ruga da robar ruwa.

Na ce da Larabci, "Baba, lafiya?"

Ya buɗe ido yana murmushi. "Lafiyata ƙalau, ɗana. Kai ne kullum nake ganin kana tafiya kamar da buhu a ka."

Ya ce sunan abin cigung, motsa jiki ne da sarrafa numfashi da aka gada daga mabiya addinin Tao na dā a ƙasarsu. Na tambaye shi ko ba bauta ba ce.

Ya ce, "Kakana limami ne, kuma shi ya koya mini. Tsayuwa da numfashi muka ɗauka, muka bar musu sauran."

Nan take ya tsayar da ni. Ya ce in saki kafaɗu, in ja iska ta hanci har ƙasan cibiya, in sake ta a hankali. Ban kai minti biyu ba cinyoyina suka hau rawa. Yana ta cewa, "Shuwayya-shuwayya," wato a hankali, ni kuwa gumi har ido.

Na ci gaba da yi a saman soron gidanmu a unguwar Jurf, da sanyin safiya. Rana ta uku maiɗakina ta hau shanya ta same ni haka.

Ta ce, "Malam, wa kake runguma?"

Dattijon ya hana ni magana in ina tsaye, don haka na yi shiru. Sai ta rataya mini tawul biyu a hannu, wai igiyar ta cika. Dariya ce ta rushe tsayuwar ranar.

Bayan wata biyu ina iya kaiwa kwata na awa, tafin hannuna yana ɗumi. Ciwon bai tafi duka ba, ban kuma daina zuwa wurin likita ba, amma na koma ɗaure takalmi ba tare da nishi ba.

Da aikin hajji ya kankama, wani alhaji daga Najeriya ya rasa jakarsa. Ya ɗauka ba na jin Hausa, alhali ni Bahaushe ne, ya tsaya gabana yana ce wa matarsa dubi wannan ragon, ko kai bai ɗaga ba. Na ji zafin ya taso mini har wuya. Na saki kafaɗu, na ja numfashi sau uku, sannan na ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Ba ita ce waccan da Hajiya ta zauna a kai ba?"

Ita ce kuwa. Ya kama baki, Hajiya ta dinga dariya har da hawaye. Ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, ya ƙi saki sai da na karɓi ƙunshin kilishi.

Da azahar na kai wa dattijon labari da rabonsa. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya jefa yanki guda a baki. Yajin ya kama shi, fuskarsa ta yi ja.

Na ce, "Baba, ja iska har ƙasan cibiya."

Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin cigung. Miƙo ruwa!"