Minti Huɗu na Jirau

Mu a tashar bas Jirau muke ce masa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Ya samu sunan ne don ba ya tayar da mota sai ya ga tsoho ya zauna. Zai kafa ido a madubi, hannu a kan giya, fasinjoji na ta tsaki a baya, shi kuwa sai tsohuwa ta jingine sandarta ta gyara zama sannan ya saki birki. Shekara ashirin da uku yana tuƙin layin asibiti, kullum a makare da minti huɗu, ba biyar ba, ba uku ba. Yakan ce ai wannan ma kiyaye lokaci ne.

Ni ne mai duba lokaci a tashar. Rana ɗaya muka kama aiki, shi aka ba shi sitiyari, ni aka ba ni biro da agogo, don na fi shi kyan rubutu, shi kuma ya fi ni hankali. A wani ɗan ɗaki nake zama, mai taga ɗaya da fanka mai kuka, ina rubuta shiga da fitar kowace mota. In motar Jirau ta shigo kuwa, sai wani abu ya faɗa mini a ido, ban ganin agogo sosai.

Sai kamfani ya kawo na'ura. Aka liƙa wani ɗan akwati a kowace bas, aka ɗora mini kwamfuta a tebur. Ita ke ƙirga mintoci, ita ke raba aiki, ita ke faɗin wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya gaza. Aikina ya koma abu ɗaya: kowace safiya ta jero shawarwarinta, ni kuma in danna koren maɓalli, wato na amince. Manaja ya ce ƙa'ida ce, dole ɗan Adam ya duba kafin a zartar. To ni ne ɗan Adam ɗin. Makon farko na duba. Mako na biyu na duba rabi. Daga nan sai na riƙa dannawa da hagu, dama tana riƙe da kofin shayi.

Abin har ya bi ni gida. Wayata nake tambaya hanyar da zan bi, da ko in ɗauki lema, har da abin da zan ce wa matata in mun saɓa. Jirau ya laƙaba mini Mai Yatsa. Ya ce kaina ya yi ritaya ya bar wa yatsa ofis.

Wata Talata da hantsi ya shigo ɗakina, ya ajiye wayarsa a gabana, bai zauna ba. Saƙo ne daga kamfani, wai saboda yawan makara aikinsa ya ƙare a ƙarshen wata. A can ƙasa an rubuta lambar ma'aikacin da ya duba ya amince. Lambata ce. Yana da 'ya'ya biyar, saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Mai Yatsa, kai ka kore ni?"

Na ce wallahi na'ura ce.

"To kai ni wurinta in ba ta haƙuri. Ko kuwa in ita ce mai kora, kai me kake yi a kan kujerar nan?"

Ban taɓa jin kujera ta yi mini zafi irin na ranar ba. Na ruga wurin Manaja, na ce ranka ya daɗe an yi kuskure. Ya ce shi ma ba hannunsa, daga sama abin yake zuwa, amma me ya hana ni danna jan maɓalli? Ashe jan na ƙin amincewa ne, kuma ina da kwana uku in janye amincewata in rubuta dalili. Shekara biyu ina kallonsa, na ɗauka na kashe kwamfuta ne, ko da wasa ban taɓa shi ba.

Na koma na zauna zan rubuta dalili, kai ya ƙi kawo komai. To, hali zanen dutse. Na zaro waya na ce ta rubuta mini. Nan take ta zubo zance mai daɗi, da jajircewa da sadaukarwa da su waye da waye. Na miƙa wa Jirau ina murmushi. Ya karanta a hankali, ya ce lallai wannan direban kirki ne, amma shi bai san shi ba. Ya ce gobe in bar ofis in hau motarsa.

Kunyar faɗa nake ji, amma a shekara ashirin da uku ban taɓa hawa ba. Na zauna a bayansa da agogo a hannu. A ƙofar asibiti wani dattijo ya hau, ɗinki a cikinsa, yana taka matakala kamar mai tafiya a kan ƙwai. Sai wata mai goyo riƙe da ledar magani. Sai wata da aka ɗaure wa ƙafa. Jirau ya kafa ido a madubi har suka zauna. Da ya saki birki na duba agogo. Minti huɗu.

Na dawo na rubuta da yatsana, bayan na tashi kaina daga barci: Layin asibiti ne. Marasa lafiya ba sa gudu. Ba wanda ya taɓa faɗuwa a motarsa. Ni na danna ban karanta ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ta jawo mini takardar gargaɗi, tana nan a aljihun tebur. Kwana tara muna jira, matarsa ko gaisuwata ba ta amsawa. Daga baya wani mutum a can sama ya karanta, aka mayar da shi, aka ƙara wa layin minti huɗu. Ranar da ya fara isowa a kan lokaci ya leƙo tagata fuska a murtuke, ya ce mun ɓata masa suna.

Wata goma sha huɗu ya ƙara yi. Sai ciwon zuciya ya kama shi, ya koma fasinja a layinsa. Ya ba ni labari yana dariya cewa sabon direban ya jira sai da ya zauna. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya rasu. Allah ya jiƙan abokina.

Jiya da safe jerin ya fito, na karanta layi-layi kamar yadda nake yi yanzu. A na goma sha bakwai na'ura ta ce direba mai lamba kaza ya daina zuwa aiki, ko na amince a cire sunansa. Lambar Jirau ce. Wannan karon ba ta yi kuskure ba, babu kuma dalilin da zan rubuta. Na ajiye kofin shayi, na ciro tsohon agogona na ɗora a tebur. Sai da minti huɗu suka cika sannan na danna, da hannun dama.