Zoben da Baba Kanta Yake Gani

A ƙauyenmu da ke gefen tafkin Madarunfa, ba mai zuba iri a ƙasa sai ya ji ta bakin Baba Kanta. Manomi ne kamar kowa, gero da wake, sai dai ubansa ya koya masa duban sama. In ya ga zobe ya kewaye rana da hantsi, ya ce ruwa na tafe, sai a fita binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa. Shekara talatin yana yi. Yakan dace, yakan kuskure, mu dai dacewar muke riƙewa.

Shekarun baya idonsa na hagu ya yi jawur, yana zubar da ruwa, kai na sara masa. Tun daga nan zoben ya riƙa zo masa a kai a kai, har da launi. Mu ɗaga kai, ba komai. Sai ya ce, "Ku da idonku ke kan salula, me za ku gani?" Sau biyu muka binne iri rana ta cinye.

Matarsa Inde ce ta ja shi Maradi. Likitar ido ta auna, ta ce, "Baba, wata ƙwayar cuta ce da ta daɗe kwance a jikinka ta farka. Ta kumbura ƴar magudanar da ruwan cikin ido ke fita, ta toshe. Ruwan ya taru yana matse jijiyar gani. Zoben nan a idonka yake, ba a sama ba." Ta ba shi ƙwayoyi da maganin ɗigawa, safe da yamma, kar ya fasa.

Ya ɗiga kwana goma. Ciwo ya lafa, zobe ya ɓace. Kai, tsohon nan da taurin kai! Wai magani ya rufe masa sama, ga damina ta ƙarato, mutane na jiran bakinsa. Ya cusa kwalbar a jinkar ɗaki. Inde ta yi faɗa har ta gaji. Ni kaina na gani na yi shiru, don ina son jin ranar shuka. Abin yana damuna har yau.

Kafin a yanke gero idon ya mutu. Ni na raka shi Maradi. Likita ta haska, ta ce jijiyar ta tafi, ba ta dawowa, sai a kiyaye na dama.

Baba Kanta ya gyara hula, ya matso kusa da ita. "To ƴata, shi na daman, yaushe zai fara ganin zoben?"