Garejin da na zaɓar wa Baba

Shekarar da aka rushe rumfar Baba a Nasarawa Gwom, ni na buɗe baki a gaban 'yan'uwana na ce a bar mini. Zan kama gida mai gareji, ya dawo wurina da zartonsa da teburinsa. Kafinta ne, ban taɓa ganin ya wuni hannu sake ba.

Dillali ya nuna mana gidaje biyu. Na farko kusa da Tina Junction, tsohon gini, garejinsa a bakin titi. Baba bai ko leƙa ɗakunan ba. Ya auna garejin da taku, ya duba gabas, ya ce hantsi zai riƙa gasa masa yatsu, don sanyin Jos ba ya barin tsoho ya riƙe guduma da safe. Sannan ya tsaya a ƙofa yana kallon masu wucewa.

"Nan ya yi," in ji shi. "Kafinta sai ana ganinsa."

Na biyu a Daɗin Kowa yake, da tayil har banɗaki, da doguwar katanga da baƙin get. Ni kuwa lokacin an yi mini ƙarin girma a ofis, kaina ya kumbura, ina son gidan da abokan aiki za su shigo su ce oga. Bayan kwana biyu na ce wa Baba wani ya riga mu kama na farkon. Ƙarya na yi, ko ƙifta ido ban yi ba.

Muka tare a na biyun, ya zo da kayan aikinsa. Garejin Daɗin Kowa ya fi girma, na sa masa fitila, ina ta rawar jiki. Amma a bayan get yake, yana kallon yamma. Ba mai wucewa da karyayyar kujera, ba mai tsayawa gaisuwa. Ya gyara ƙofofin gidan duka, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ya yi wa matata kujerun tsuguno shida. Daga nan sai zama. Na sha dawowa daga aiki in tarar da shi cikin rigar sanyi yana wasa zarton da bai yanka komai ba, sai in gaishe shi in wuce da sauri, don kunyarsa nake ji.

Wata Asabar da damina wani tsohon abokin sana'arsa ya zo da a-kori-kura. Baba ya ba shi kayan duka, har teburin. Ya share garejin tas, ya miƙo mini makulli.

"Shigo da motarka," ya ce. "Ruwa na dukanta a banza."